Bindiga Biyu, Akwatin Harsashi Ɗaya

Na sauka Paris da bindiga biyu, kowace a cikin dogon akwatinta, da takardun izini a aljihun ƙirji, da hanci da ya fara yoyo tun kafin in fita daga filin jirgin. Ɗaya bindigar tawa ce. Ɗayar ta Lawali ce, ɗan kawuna na Tsibiri, taubashina, wanda na riga shi shiga aikin jandarma da shekaru amma bakinsa ya girmi nawa. Mu biyu ne maharban gasa na rundunarmu a Maraɗi, masu kwanciya rub da ciki su harbi allo daga mita hamsin da ƙaramin harsashi. Ba farauta ba ce, ba yaƙi ba. Ɗigo ne a tsakiyar takarda wanda bai wuce ƙwayar gujiya ba, shi ake nema sau sittin a jere.

Lokacin bayan Taron Ƙasa ne, jam'iyyu sun tsiro ko'ina, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, baitulmali kuwa ƙaf. An gayyaci ƙasarmu gasar harbi ta jami'an tsaro a wata ƙasar Afirka, kwamandanmu ya ce mutum ɗaya kaɗai za a iya turawa. Za a gwada ni da Lawali a tsohon ramin jar ƙasa da muke atisaye bayan Jiratawa, wanda ya ci shi zai tafi. Kafin nan wani Bature da ya taɓa horar da mu ya samo mana alfarma a wata masana'antar harsashi a Jamus: a kawo bindigogin a gwada su, a zaɓi harsashin da ya dace, su ba mu akwati ɗaya kyauta. Takardar shigowa da shi ma akwati ɗaya ta ce. Ni ne babba, ina da muƙamin ajidan, ina jin Faransanci, don haka ni aka tura. Abin da na ɗauko, da shi za mu yi gwajin mu biyu, da shi kuma wanda ya ci zai je gasar. Shekaruna sun ja, na san in wannan ta wuce ni babu wata. Ina son tafiyar nan kamar raina, kuma ban taɓa shakkar hannuna ba.

Wanda ya tarbe ni wani ɗan garinmu ne, Ɗan Ladi, da aka ce ya san Paris kamar yunwar cikinsa. Ya kai ni gidan baƙin ma'aikata inda yake zaune, ɗakin bai kai zaurenmu ba amma gado huɗu ne a ciki. Ya ba ni shinkafa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ya karɓi babban mantona, wato rigar sanyina, ya ce zai kai a wanke mini, wai warin ajiya yake yi. Sai da cikina ya ɗauka sannan ya matso.

"Ajidan, mi za ka yi Jamus cikin wanga sanyi? Harsashin da kake biɗa akwai shi nan, kamfani guda, kwali guda. Ka huta, in kawo maka, ka koma gida ka ce ka je. Tikitin jirgin ƙasan sai mu maida shi."

Washegari kuwa ya zo da kwalaye. Kwalin na gaskiya ne, ban musa ba. Amma da na zazzage harsasan a tafin hannu, wasu kansu na sheƙi da maiƙo, wasu a bushe, wasu ma tambarin gindinsu daban ne. Harsashin koyo mai araha ya samo ya cusa a kwalin na gasa.

Na ce, "Ɗan Ladi, ni za ka auna wa gero da tsakuwa? A bayan kasuwar Maraɗi aka yanke mini cibi."

Ya yi dariya, ya ce wasa yake, ya kwashe kayansa, ya ce bari ya je ya karɓo mini manton. Da shi da manton har yau ban sake sa su a ido ba. Na hau jirgin ƙasa da 'yar jaket ɗin kaki, akwati a kowane hannu, ina tsine masa a zuci daga tasha zuwa tasha.

A kan iyaka 'yan sandan Jamus suka shigo jirgin. Suka dubi baƙin mutum, suka dubi dogayen akwatuna biyu, suka ce in sauko. Ban yi gardama ba, don ni ma da na ga irina a tashar mota a Maraɗi da na sauke shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ganin jirgina ya tashi ya bar ni. Suka zaunar da ni a wani ɗaki mai farin fenti, ana juya takarduna ana buga waya, haƙorana na haɗuwa ina ƙoƙarin kada su gani. Can wani dattijo a cikinsu ya buɗe akwatin Lawali, ya yi fito da baki. Ya ɗaga bindigar yadda mai sani ke ɗagawa, bai taɓa kunama ba, ya kai ta kafaɗar dama, ya ga ba ta zauna ba, ya mai da ita hagu yana dariya. Lawali bahago ne, bindigarsa kuwa tun daga ƙotar har hannun ɗurin duk na hagu aka ƙera. Dattijon ya nuna ƙirjinsa, ya kwatanta kwanciyar harbi, na gane shi ma ɗan sana'a ne. Daga nan magana ta canza. Aka kawo mini kofi mai zafi, ya shiga wani ɗaki ya fito da tsohuwar rigar sanyi mai nauyin bargo ya ɗora mini a kafaɗa, ya raka ni har jirgi na gaba. Na so in tambayi inda zan mai da masa rigar, ya kaɗa hannu ya juya.

Garin da masana'antar take ƙarami ne, tsaf-tsaf, shiru kamar an yi rasuwa. Mutum ya wuce ka bai ce maka ci kanka ba. Tsoron naman alade ya sa na koma burodi da cuku, har wani Baturke mai gidan burodi ya hangi carbi a hannuna, ya yi mini sallama, ya zaunar da ni a bayan kanti ya zubo mini miyar wake mai zafi. Ba mu da harshe ɗaya sai alhamdulillahi, ita muka yi ta maimaitawa. Ina shan miyar nan na tuna dawowarmu daga atisaye, yadda muke tsayawa bakin lambunan Jiratawa mu sayi kwaɗon zogale wurin mata, ruwa na gudu a magudana, ƙamshin albasa ya cika hanya. Kewar gida ta kama ni har na ji haushin kaina, ƙato da ni. Har surutun Lawali na yi kewa, abin da ban taɓa zato ba.

Wurin gwajin a ƙarƙashin ƙasa yake, dogon rami ne na siminti, ba iska ba rana. Mai kula da shi wata dattijuwa ce mai furfura da tabarau, Faransancinta tsinto shi take kalma-kalma. Madam nake ce mata. Ita ta fahimtar da ni abin da na zo yi. Harsashi, in ji ta, zubi-zubi ake yin sa. Inji ɗaya, darma ɗaya, albarushi ɗaya, aikin tashi ɗaya, shi ne zubi ɗaya, da lambarsa a gefen kwali. Zubi biyu na iya fitowa daga kamfani guda da suna guda, bindiga ta karɓi ɗaya ta ƙi ɗaya. Kuma ba mahaluƙin da zai iya faɗin wanda za ta karɓa sai an harba an gani.

Ta tambaye ni wane zubi muke amfani da shi a gida. Na gaya mata gaskiya. Mu in harsashi ya zo, mai riƙe da ma'ajiyar makamai yakan buɗe kwalayen duka, tsoho da sabo, ya juye su a daro, ya cuɗa da hannu, sannan ya auna wa kowa da gwangwanin tumatir.

Madam ta nemi kujera ta zauna.

Na ji zafin kallon da ta yi mini, na ce ta dakata, ba jahilci ba ne. A inda komai bai isa ba, duk wanda aka miƙa wa rufaffen kwali an ce ɗan gatan kwamanda ne, ko ɗan jam'iyyarsu ne. Daron nan shi ya hana mu faɗa. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yarda daro na raba gardama, amma duk harbin da muka yi muka zargi iska ko ido, rabinsa daron ne. Sai na tuna ranakun da na tashi daga tabarma ina rantsuwa cewa saitina daidai yake.

Muka kama aiki. Ta kwance ƙarfen kowace bindiga daga ƙotarta ta damƙe shi a cikin wani maƙalin ƙarfe da aka dasa a siminti, don a fitar da hannun mutum daga lissafi. A fara da 'yan harbi kaɗan don bututun ya ɗumama ya saba da maiƙon sabon zubi, sannan a saki goma a takarda ɗaya, a jawo ta a duba yadda suka taru. Zubin da ya watse a ture shi gefe. Wanda ya taru a sake ba shi goma, a sake, a sake. Na ɗaga wata takarda mai kyau ina murna, ta karɓe ta ta miƙo mini mafi muni ta wannan zubin. Ta ce kada in zaɓi harsashi da mafi kyawun abin da ya yi, in zaɓe shi da mafi muninsa, don a gasa harbi ɗaya da ya kauce shi ke mai da mutum gida.

Ni ma na kawo tawa. Na ce mata ƙasarmu ba ramin sanyi ba ce, maiƙon kan harsashi narkewa yake a aljihu kafin azahar. Ta ce haka ne, ta jera kwalayen a kan ƙarfen ɗumama ɗaki har suka yi zafin hannu, muka sake harba su. Wani zubi da ya yi ta burge mu ya ba da kai nan take. Daga ƙarshe uku suka rage, ta yi musu alama da alli: ja, shuɗi, kore.

Mai jan alama bindigata ta so. Goma ɗinsa kan babban yatsana na rufe su, sau nawa aka maimaita bai canza ba. A bindigar Lawali kuwa watsewa yake kamar an watsa wa kaji tsaba. Mai kore bai ɓata wa kowa ba, bai kuma faranta wa kowa ba, tsaka-tsaki ne a bindigogin biyu. Sai mai shuɗi. A tawa, takwas su taru, biyu su yi gabansu. Da aka sa shi a ta Lawali aka jawo takardar, na ɗauka harbi uku ne kawai suka fita. Rami ɗaya ne, farcen ɗan ƙaramin yatsana ya kusa rufe shi. Madam ta cire tabarau ta goge, ta sake harba goma, ta sake. Bai motsa ba.

Ta ce, "Akwati ɗaya. Wanne?"

Na ce ta ba ni lokaci. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ja zuciyata ta fara faɗi. In na ɗauki ja, ranar gwaji a Jiratawa Lawali zai yi ta zagin iska, ni in tafi gasa, kuma babu wanda zai taɓa sani, don a Maraɗi duka ba mai sanin zubi sai ni. In na ɗauki kore na yi adalci irin namu, ba mai zargina, kuma na san da harsashi tsaka-tsaki ni zan ci, don na fi shi karanta iska. Hanyoyi biyu, duk filin jirgi suka nufa da ni.

Na ma nemi ta uku, wato in harba bindigar Lawali da mai shuɗi da kaina. Na sa ta mai da bindigar Lawali ƙotarta, na kwanta ta hagu na gwada. Wuyana ya ƙage, idona na hagu ya yi ta hawaye, harbin da na yi ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Hannun da aka yi shekaru ana horarwa ba ya komawa ɗaya gefen don an so.

Na tashi na karkaɗe gwiwa, na tambaye ta kai tsaye. In na je gasa da bindigata da mai ja, ina zan tsaya?

"Tsakiya," in ji ta. "In hannunka ya yi kyau ƙwarai, saman tsakiya. Bututunka ya tsufa, mai ja yana rufa masa asiri ne kawai."

"Waccan fa, da mai shuɗi?"

"In mai ita ya iya, ba wanda zai raina shi. Ya iya?"

Tambayar nan ta fi sanyin Jamus shiga jikina. Da ƙarya na ce a'a, da magana ta ƙare. Amma na kwanta kusa da yaron nan shekara da shekaru, na san yadda numfashinsa ke tsayawa kafin ya saki kunama.

Na ce, "Ya iya. Baki ne da shi, amma ya iya."

Na hau sama na zaga harabar masana'antar cikin rigar dattijon ɗan sanda. Ba tausayin Lawali nake ji ba, kada wani ya ɗauke ni waliyyi. Abin da ke cina daban ne. Na taɓa zuwa irin wannan gasa ina saurayi, na tsaya gaban allon sakamako ina neman sunan ƙasarmu daga sama, ban same shi ba sai da na sunkuya. Tsakiya ta fi nan, gaskiya ne. Amma na ga rami ɗaya a takarda da idona, kuma maharbin da ya ga wannan ya bar shi a ƙasar mutane don kansa, ban san sunan da zan kira shi da shi ba. Na koma ƙasa na ce mata shuɗi. Ta tambaye ni ko na fahimci abin da zai yi a bindigata. Na ce na fahimta sarai, ta ɗaure akwatin.

Komawa ba ta yi wuya ba, sai 'yan duwan ɗinmu, masu binciken kayan shigowa, da suka ga harsashi a irin wannan lokaci suka riƙe ni har kwamanda ya yi waya. A bariki na hana a juye akwatin a daro, aka yi ta gunaguni, na ce kowa ya ɗauki kwali rufaffe da hannunsa, duk iri ɗaya ne. Ban ƙara ko kalma a kan haka ba.

Ranar gwaji muka shimfiɗa tabarmi a ramin bayan Jiratawa, kwamanda na zaune a inuwar mota, manoma sun bar ban-ruwa sun taru a kan gaɓa suna kallo. Iska ta yi mana kirki. Ban taɓa yin harbi mai tsabta kamar na ranar nan ba, na faɗa kuma zan sake faɗa. Kowane harsashi ya bar bakin bindigata a kan ɗigon. Amma lokaci-lokaci in leƙa madubin hange in ga ɗaya ya yi gefe, maki tara maimakon goma, wani ma takwas. Na san za su zo, duk da haka kowanne sai na ji shi a ƙirji. A gefena kuwa Lawali na cinye tsakiyar takarda kamar gara.

Da aka ƙirga, tazarar ba ta bar wurin musu ba. Kwamanda ya miƙa masa hannu. Lawali ya tashi yana taka rawa a gabana.

"Tsoho, ido ya tahi hwa! Aje bindiga ka kama carbi. Kai da ka je Jamus, ashe ni ka yi wa aike!"

Manoma suka kwashe da dariya. Na ji wani na cewa ajidan ya tsufa. Wannan ta yi mini ciwo, ciwo sosai, har na daɗe ina naɗe tabarmar da ba ta bukatar naɗi.

A kan babur ɗina muka dawo, yana bayana da akwatunan biyu a cinya. Ya yi ta zuba har muka wuce lambuna. Can sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na tsaya a bakin hanya, ya sauko ya zagayo gabana, fuskarsa ba dariya.

"Na gama kahin ka, na kwanta ina kallon bakin bindigarka. Ko motsi ba ta yi ba. Takwas ɗin nan ba naka ba ne."

Na ce iska ce.

"Wace iska? Kusa da kai nike. Gaya mini, can wurin Turawan, akwai wanda bindigarka ta so?"

"Akwai."

"Ina shi?"

"Yana Jamus."

Wani ɗan kabu-kabu ya wuce mu yana hon. Sai ya ce zai koma wurin kwamanda ya faɗa masa, a sake gwaji, a nemo wani harsashi, wannan ba adalci ba ne.

Na ce, "Lawali, ba kyauta na yi maka ba, kaya na aza maka. In kana son biyana, je ka harba shi yadda na ga ya harbu."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce ƙura ce. Na ce ya hau mu tafi, kuma ya riƙe akwatin hagun da kyau, hanyar akwai ramuka.